Uwar Kuɗi da 'Ya'yanta: Tarihin Masu Biyan Karatun Likita

A watan Fabrairu na shekara ta 2024 wani labari ya fito daga birnin Niyu Yok na ƙasar Amurka, ya zaga duniya har ya iso zangunan Kumasi. Wata tsohuwar malama mai shekara 93, sunanta Ruth Gottesman, ta ba makarantar koyon aikin likita ta Albert Einstein kyautar dala biliyan 1, wato miliyan dubu. Ta ce daga wannan shekara kada a ƙara karɓar kuɗin koyarwa daga hannun kowane ɗalibi. Kafin haka, ɗalibi yakan biya fiye da dala 59,000 kowace shekara. Iyaye da yawa a cikinmu da suka ji labarin sun yi ajiyar zuciya, gama sun san abin da takardar shiga jami'a take kawowa gida: murna da safe, lissafi da dare.

Mutane suna kiran irin wannan karatun kyauta. Amma ɗan'uwa mai karatu, ba a taɓa yin likita kyauta ba. Malamai suna cin abinci, ana sayen littattafai da magunguna da na'urori, ana biyan wuta da ruwa har shekara shida. In ɗalibi bai biya ba, to, wani ya biya a madadinsa. Abin da ya kamata mu bincika shi ne, wane ne wannan mai biya, me kuma ya sa taimakon wani yakan ƙare da wuri, na wani kuwa ya daɗe har jikoki su ci. In muka bi tarihin ƙasarmu Gana da na 'yan'uwanmu a arewacin Nijeriya, za mu tarar da jaka iri uku da aka riƙa zaro kuɗin nan daga ciki.

Jaka ta fari: alherin mai hali

Likitocin farko na Afirka ta Yamma ɗaya ɗaya aka tsince su. James Africanus Horton mutumin Saliyo ne, an haife shi a 1835, mahaifinsa kuwa yana cikin waɗanda aka 'yanto daga jirgin masu fataucin bayi. Mishan ɗin CMS ne ya koyar da shi tun yana yaro. A 1855 Ofishin Yaƙi na Ingila ya ɗauke shi tare da waɗansu samari biyu zuwa Landan su koyi aikin likita, ya kuma kammala a Edinbara a 1859. Turawa ba don tausayi kaɗai suka yi haka ba. Zazzaɓi yana kashe musu likitocin soja a bakin teku, suna bukatar waɗanda jikinsu ya saba da ƙasar. Horton ya yi wajen shekara 20 yana aiki, mafi yawa a Gwalkwas, kamar yadda ake kiran Gana a lokacin. Ya roƙi hukuma ta buɗe makarantar likita a nan Afirka ta Yamma domin kada abin ya tsaya ga mutum biyu ko uku, amma aka ƙi. Da Turawa suka sami hanyar kāre kansu daga zazzaɓi, sai hannun da ya buɗe ƙofa ya rufe ta. A 1902 aka kafa rukunin likitocin gwamnati na Afirka ta Yamma, aka sa a ƙa'idarsa cewa sai Bature kaɗai zai shiga.

Waɗansu kuwa dukiyar gidansu ce ta kai su. Benjamin Quartey-Papafio, ɗan ƙasar Gwalkwas na fari da ya zama likita, ya fito daga gidan attajirai ne, ya gama a Edinbara a 1886. Susan Ofori-Atta, mace ta fari da ta zama likita a ƙasar nan, 'yar Sarkin Akyem Abuakwa ce, Nana Ofori Atta na Ɗaya. Da abin da mahaifinta ya bar mata ta yi karatu har ta gama a 1947.

A ƙasar Hausa hanyar ta bi ta mishan. Dokta Walter Miller, wanda shi kansa likita ne, ya zauna a birnin Zariya daga 1905, ya tara yara kaɗan yana koya musu. Makarantar ta koma Wusasa a 1929. Daga cikin yaran wannan mishan Barau Dikko ya fito, ya wuce babbar kwaleji a Legas, sa'an nan Jami'ar Birmingham a Ingila, ya zama likita na fari daga arewacin Nijeriya duka. Babban asibitin koyarwa na jihar Kaduna yana ɗauke da sunansa. Bayansa Ishaya Audu ya bi ta makarantar Wusasa, ya zama likitan yara, ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, a zamaninsa kuma aka buɗe makarantar likita ta jami'ar a 1967.

Mun gode wa Allah saboda waɗannan. Amma mu lura da raunin wannan jaka. Ranta ɗaya ne da na mai ita. In mai alheri ya mutu, ko aka sāke masa wurin aiki, ko ra'ayinsa ya juya, taimakon ya tsaya ke nan. Yaron da aka haifa bayan shekara biyar, ko da ya fi na farin kai, ba wanda zai gan shi.

Jaka ta biyu: baitulmali da itacen koko

Gwamna Gordon Guggisberg, wanda ya mulki Gwalkwas daga 1919 zuwa 1927, shi ya gina asibitin Korle Bu a Ankara, babban birninmu, aka buɗe shi a 1923. Nufinsa shi ne a kafa makarantar likita a jikin asibitin. Bayan tafiyarsa aka jingine maganar, ciniki kuma ya faɗi a duniya duka daga 1929. Maimakon makaranta, sai gwamnati ta fara ba 'yan ƙalilan sukolashif su tafi Birtaniya. Ta haka Oku Ampofo da Charles Easmon suka yi karatu a Edinbara, suka gama a 1939 da 1940. Matilda Clerk kuma, 'yar wani faston Mishan Basel, ta gama a 1949.

Daga ina gwamnati take samun kuɗin? Babban tushensu koko ne. Tun 1911 ba ƙasar da ta kai Gwalkwas fitar da koko, haka kuwa aka tafi har cikin shekarun 1970. A 1947 aka kafa Hukumar Cinikin Koko. Ita kaɗai take sayar da koko a waje. Takan biya manomi ƙasa da farashin kasuwar duniya, ta ajiye ragowar. Manoma sun ba da gudummawa mai yawa wajen kafa Kwalejin Jami'a ta Gwalkwas a 1948, shi ya sa har yau akwai gidan kwanan ɗalibai a Legon mai suna Akuafo, wato manoma da harshen Tuwi. A 1951 hukumar ta fara ba da nata sukolashif domin 'ya'yan manoma. A cikin wannan zamani na yalwa ne aka buɗe Kwalejin Fasaha ta Kumasi a 1952, a filin da Sarkin Asante, Prempeh na Biyu, ya bayar, aka kuma gina babban asibitin Kumasi wanda har yau muke kira Gee, da sunan kamfanin da ya gina shi.

A nan ya kamata mu tsaya mu tuna da kakanninmu. Su wane ne suka sare daji, suka yi shema, suka fasa 'ya'yan koko, suka ɗauki buhuna a kā? Da yawansu 'yan arewa ne, Farafara da Kusasi da Busanga da Dagati da Mosi, waɗanda suka sauko da ƙafa su yi ƙwadago, ko su riƙe gona bisa tsarin abusa, inda mai aiki yake ɗaukar kashi ɗaya cikin uku. Guminsu yana cikin kuɗin da ya koyar da likitocin ƙasar nan. Duk da haka 'ya'yansu ba su ko kusa da ƙofar ba, gama gwamnatin mulkin mallaka ta riƙe arewa kamar rumbun 'yan ƙwadago. Ko da yake limaman Katolika sun sauka a Navrongo tun 1906 suka fara koyar da yara, sai a 1951 aka buɗe sakandaren gwamnati ta fari a arewa duka, a Tamale. Wanda bai sami sakandare ba, ina zai ji labarin Edinbara?

Bayan samun mulkin kai a 1957, gwamnatin Kwame Nkrumah ta tsai da sukolashif na musamman domin 'yan arewa su yi sakandare. A jami'a kuwa ba a biyan kome. Koyarwa, ɗaki, abinci, duka gwamnati ce, har da kuɗin kashewa. A 1964 aka buɗe makarantar likita a Korle Bu, shekara 41 bayan buɗe asibitin, Dokta Easmon ne shugabanta na fari. Likitocinta na farko, su 39, sun fito a 1969. Ta Kumasi ta biyo baya a 1975 a jami'ar da muke kira Tek, asibitin Komfo Anokye kuma, wato Gee, ya zama asibitin koyarwa. Saboda haka makarantar likita marar kuɗin makaranta ba baƙon abu ba ne gare mu. Mun riga Niyu Yok yinta da shekaru fiye da 50.

Amma baitulmali kamar rafin arewa yake, ya cika da damina, ya ƙafe da rani. Farashin koko ya faɗi ƙwarai a 1965. A 1971 gwamnatin Busia ta kawo tsarin ba ɗalibai rance, sojojin da suka kayar da ita a 1972 suka soke shi. A 1983 fari da gobarar daji suka cinye gonaki, aka koro 'yan Gana wajen miliyan ɗaya daga Nijeriya, farashin kaya ya ninka fiye da biyu cikin shekara ɗaya. Daga 1989 aka koma ga rance ta hannun hukumar fanshon ma'aikata. A ƙarshen shekarun 1990 aka shigo da tsarin raba nauyi, ɗalibi ya fara biyan kuɗin amfani da kayan makaranta da kuɗin ɗaki. A 1999 ɗalibai suka yi zanga-zangar da ake kira Mmobrowa, wato ta matalauta. Jami'o'i kuma suka ware waɗansu gurabe domin masu iya biyan cikakken kuɗi.

Haka muka iso inda muke. A takarda, ɗalibin da ya shiga jami'ar gwamnati ta hanyar da aka saba ba ya biyan kuɗin koyarwa, kundin tsarin mulki na 1992 kuma ya yi alkawarin a riƙa matsawa sannu a hankali zuwa ilimin jami'a kyauta. A aljihu kuwa akwai kuɗin rajista, na ɗaki, na abinci, na littattafai, na mota zuwa asibiti, shekara shida a jere. Mu masu aikin katikis mun san nauyin, gama mu ake kawo wa takardar mu karanta. Mai gadi, ko mai tura baro a Kejetia, ko mai sayar da shinkafa da wake a Sofoline, in ya ji jimillar, sai ya yi shiru ya ninke takardar.

Jaka ta uku: wadda ba a yanka uwarta

A ƙauyukanmu na arewa, in uwa tana so ta yi wa 'yarta tanadi, takan saya mata 'yar akuya. Ba a yanka wannan akuya ranar Kirsimati, ko da baƙi sun cika gida. In ta haihu, a sayar da ɗa ɗaya a yi bukata, a bar ɗaya ya ƙara garke. Wannan shi ne dukan asirin asusun dindindin na manyan jami'o'in duniya. Mai kyauta yakan ba da dukiya da sharaɗi cewa ba za a taɓa uwar kuɗin ba. Amintattu su sa ta cikin hannun jari, ko gidajen haya, ko gonaki. Kowace shekara a cire kashi 4 ko 5 cikin ɗari a yi aiki, in riba ta wuce haka a mayar da ragowar cikin uwa, domin tsadar kaya kada ta rage mata ƙarfi.

Maƙwabtanmu Musulmi suna da suna domin wannan, wato wakafi. Mutum ya tsai da gona ko kanti ko rijiya saboda Allah, ba a sayarwa, ba a rabawa a gādo, amfanin kaɗai ake ci. Da irin wannan dukiya aka riƙa ciyar da ɗaliban Azhar a Alƙahira shekaru aru-aru. Mishan Basel ma ya gwada abu mai kama da haka a ƙasar nan sa'ad da ya kafa kamfanin ciniki a 1859, wani kaso na ribar yana shiga aikin mishan.

Jami'ar Harvard, wadda ta fi kowace jami'a dukiya a duniya, da ƙaramin abu ta fara. John Harvard mai wa'azi ne. Da ya mutu a 1638 ya bar wa sabuwar makarantar rabin dukiyarsa da littattafai wajen 400. A 1643 wata gwauruwa a Landan, Ann Radcliffe, ta ba da fam 100 domin a riƙa taimakon ɗalibi matalauci da ribarsa. Wannan ne sukolashif na fari a makarantar. A 2024 dukiyar asusun Harvard ta haura dala biliyan 53, amma ba tulu ɗaya ba ne. Ƙananan asusu ne fiye da 14,000, mafi yawansu kuwa ɗaure suke da sharaɗin wanda ya bayar. In ya ce domin ɗalibai marasa hali ne, ba dama a gina ofis da shi.

Ga yadda lissafin yake a makarantar likita. A watan Agusta na 2018 Jami'ar Niyu Yok ta sanar cewa ɗalibanta na likita ba za su ƙara biyan kuɗin koyarwa ba. Ɗaliban kimanin 440 ne, kuɗin kowanne dala 55,000 a shekara, jimilla wajen dala miliyan 24. Jami'ar ta ce tana bukatar asusu na dala miliyan 600, ta riga ta tara fiye da miliyan 450, miliyan 100 daga ciki kyautar Kenneth Langone ce da matarsa Elaine. Ka ɗauki kashi 4 cikin ɗari na miliyan 600, za ka sami miliyan 24 daidai. Wato kowace dala ɗaya da za a yafe wa ɗalibi kowace shekara, sai an ajiye mata uwa ta dala 25. Kyautar Ruth Gottesman ma daga hannun jari ta fito, wanda mijinta ya riƙe shekaru da yawa bai sayar ba, ya bar mata da ya rasu. Ta kuma roƙa kada a sāke wa makarantar suna saboda ita. A watan Yuli na 2024 Michael Bloomberg ya ba Jami'ar Johns Hopkins dala biliyan 1, amma can an sa iyaka: yafewar domin 'ya'yan gidajen da abin da suke samu bai kai dala 300,000 a shekara ba ne.

Abin da aka gwada a gida

Mutanen Gana ba su zauna hannu rabbana ba. A 1993 aka ba Shugaba Rawlings lambar yabo saboda yaƙi da yunwa tare da dala 50,000, ya sa kuɗin cikin kafa jami'ar Tamale, wadda ta buɗe makarantar likita a 1996. A 1999, shekarar da ya hau gadon sarauta, Otumfuo Osei Tutu na Biyu ya kafa asusun ilimi domin yara masu ƙwazo marasa hali. A 2000 gwamnati ta kafa GETFund, wanda ake zuba masa wani kaso na harajin saye da sayarwa. A 2012 aka tura ɗalibai 250 Kiyuba su koyi aikin likita. A 2017 majalisa ta yi dokar Asusun Raya Zango, daga baya kuma aka tura 'ya'yan zango 40 Kiyuba. A 2025 gwamnati ta fara ɗaukar kuɗin makarantar shekarar fari na ɗaliban manyan makarantunta.

Duk waɗannan sun share hawayen iyaye da yawa. Sai dai na gwamnati a cikinsu nama ne da ake rabawa, ba akuya mai haihuwa ba. Abin da ya shigo bana, bana ake kashe shi, baɗi kuwa sai abin da kasafin kuɗi ya ce. Shi ya sa muka sha jin kukan ɗalibanmu na Kiyuba a rediyo, cewa watanni sun wuce ba a aika musu da kuɗin abinci ba. Asusun dindindin na sosai da 'ya'yanmu suka ɗanɗana a Kumasi shi ne na Gidauniyar Mastercard. A 2006 kamfanin ya ba gidauniyar hannun jarinsa mai yawa, daga 2014 kuma ta fara ɗaukar dukan nauyin waɗansu ɗalibai marasa hali a Tek. Amma uwar tana Kanada, nononta ne yake iso mu.

Me ya sa yin irin wannan asusu yake da wuya a nan? Babban dalili shi ne gara mai cin sidi. A 2007 aka sāke kuɗi, tsohon sidi 10,000 ya koma sabon sidi 1. A watan Disamba na 2022 tsadar kaya ta kai kashi 54 cikin ɗari a shekara. A 2023 waɗanda suka ba gwamnati bashi ta hanyar sayen takardunta aka ce su karɓi sababbin takardu masu ƙarancin riba da dogon wa'adi. Wanda ya ajiye uwar kuɗi a wuri ɗaya ya kwanta barci, zai farka ya tarar da fata da ƙashi. Wannan bai hana a yi kiwo ba, ya dai nuna kiwon yana bukatar makiyayi mai ido.

Gargaɗi biyu daga tarihi

Na fari, yafe kuɗi ba ya zaɓen matalauci da kansa. Da Jami'ar Niyu Yok ta yafe kuɗi, masu neman shiga suka ƙaru da kusan rabi, gurabe kuwa ba su ƙaru haka ba. In gasa ta yi zafi, wanda ya fito daga makaranta mai kyau shi yake cinyewa. Haka yake a nan. Mai son karatun likita a Tek ta hanyar da aka saba yana bukatar jimillar maki 6 a jarrabawar gama sakandare, wato daraja ta ɗaya a darussa shida. Yaron da yake kwana ɗaki ɗaya da mutum bakwai, yana tallar ruwa bayan an tashi makaranta, an riga an tsere masa tun kafin a zo maganar kuɗin jami'a. Ko da yake an yafe kuɗin sakandare tun 2017, darasin hutu da wurin karatu mai fitila ba a yafe su ba.

Na biyu, yafe kuɗi ba ya riƙe likita a gida. Wani bincike ya nuna cewa daga cikin likitocin da suka fito daga makarantar Korle Bu tsakanin tsakiyar shekarun 1980 da tsakiyar shekarun 1990, wajen kashi 60 cikin ɗari sun bar ƙasar, mafi yawa zuwa Birtaniya da Amurka. Manomin koko ya biya, majinyacin Landan ya mora. Waɗanda suka zauna kuwa mafi yawansu suna Ankara da Kumasi, asibitocin Bolga da Wa da Bawku suna jira. Ba mu hukunta kowa ba, gama albashi da kayan aiki suna da nasu magana. Amma Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Kyautar da ba a ɗaura mata alkawari ba, takan tafi da wanda ya karɓa.

Abin da ikkilisiya za ta iya yi

Ba mu da Ruth Gottesman a Kwadaso. Amma Ann Radcliffe fam 100 ta bayar, Ubangijinmu kuma ya yaba wa gwauruwa mai anini biyu fiye da masu zuba da yawa. Kowace shekara muna yin godiyar kaka, muna tara kuɗi, kafin Ista sun ƙare a kwanon rufi da kujeru da rumfa. In an yi rasuwa mukan tara abin mamaki cikin mako ɗaya. Yusufu a Masar bai ƙirƙiro hatsi ba. Kashi ɗaya cikin biyar ya riƙa warewa a shekarun ƙoshi, ya sa masu tsaro a kai, kamar yadda Littafin Farawa sura 41 ya nuna mana.

Bari mu yi misali. A ce ɗalibi yana bukatar taimakon sidi 5,000 a shekara. In kashi 5 cikin ɗari za a riƙa cirewa, ana bukatar uwa ta sidi 100,000. Ikkilisiya ɗaya za ta ga abin ya yi mata nisa. Ikkilisiyoyi goma masu sujada da Hausa, kowace tana ware sidi 2,000 daga godiyar kaka, za su kai can cikin shekara biyar. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Tarihin da muka bi ya koya mana ƙa'idodin da za su tsare irin wannan asusu. A rubuta sharaɗi cewa ba mai ikon taɓa uwar kuɗi, ko fasto, ko dattijo, ko ranar gaggawa. A zaɓi amintattu daga ikkilisiyoyi dabam dabam, da wakiliyar zumuntar mata a ciki, a riƙa karanta lissafi a gaban jama'a sau biyu a shekara. Kada a zuba dukiyar wuri ɗaya: wani sashi a banki, wani a kanti ko ɗakin haya wanda kuɗinsa yake tashi tare da tsadar kaya. A fara taimako tun daga sakandare, da littattafai da kuɗin takardar neman shiga. A tuna kuma ba likita kaɗai yake warkarwa ba. Makarantar koyon jinya da ungozoma tana nan Kwadaso kusa da mu, taimako kaɗan zai kai yarinya ƙarshen karatunta a can. A zaɓi yaro bisa ƙwazonsa da rashin halin gidansu, ba bisa kujerar mahaifinsa a majami'a ba, a bar ƙofa kuma ga ɗan maƙwabcinmu Musulmi, gama ciwo ba ya tambayar addini. Wanda aka taimaka ya sa hannu a gaban iyayensa da ikkilisiya cewa zai yi aiki na waɗansu shekaru inda ake ƙarancin ma'aikata, ko ya mayar da abin da aka kashe masa domin na bayansa.

Waɗanda za su fara wannan aiki watakila ba za su ga likitan farko da idonsu ba. Kakanninmu ma da suka ɗauki buhunan koko ba su kwanta a gadon Gee suka ji likita yana tambayarsu da harshensu ina yake musu ciwo ba. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Manzo Bulus ya yi tafiyarsa da Luka likita a gefensa, ikkilisiya kuwa tun farkonta ba ta raba wa'azi da jinyar marasa lafiya ba. Allah ya ba mu zuciyar da za ta ware, da hannun da zai tsare, da haƙurin barin uwa ta haihu. Amin.